Jirgin Tagwaye a Tabkin Garinmu

Shekarar da ruwa ya yi yawa a ƙasarmu, kwarin da ke bayan garinmu ya cika har ya shanye gonakin da ke bakinsa. Garin namu ƙauye ne tsakanin Tasawa da Mayahi, kuma mu ba mutanen ruwa ba ne. Tun ina yarinya abin da na sani shi ne rijiya mai zurfi da guga. Tabki in ya kwanta da damina, kafin a gama sussuka ya koma laka. Amma waccan shekara sai ga ruwa iya ganinka, itatuwan bagaruwa tsaye a cikinsa har wuya, tsofaffi suna cewa ba su taɓa ganin irinsa ba.

Autanmu ne ya ga abin yi a cikin wannan ruwa. Ya daɗe a Kwatano yana aiki a bakin teku, inda ya ga wasu jirage masu gindi biyu da ake ɗaukar baƙi a ciki da yamma, su yi iyo, su ci abinci, su kalli faɗuwar rana. Da ya dawo gida ya tarar da tabkin, sai ya tafi Madarunfa ya samo tsofaffin kwalekwale biyu, aka kawo masa a bayan babbar mato. Ya jera su gefe da gefe, ya shimfiɗa katako a kansu ya ɗaure, ya kafa sanduna huɗu ya yi rumfa da buhunan da matarsa ta ɗinke. Shi yana kiran abin katamaran. Mutanen gari suka ce jirgin tagwaye, kuma da dariya suke faɗa.

Ni ce babba a ɗakinmu, ina aikin ungozoma a likita, wato asibiti, a Tasawa. Mijina malamin lakwal ne, makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa, wato malam a bakin ƴan boko, har ni. Auta ya zo gidanmu ya ce yana son mu ne za mu fara shiga, don in ma'aikatan Tasawa suka ji mun shiga mun fito lafiya, su ma za su zo. Ban so ba. Shekarar da ta gabata Mushe ya faɗi a cikin aji, hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Allah ya taimaka ya tashi, amma hannun bai koma daidai ba, kuma tun lokacin ba abin da ya tsana kamar ya ɗago kai ya ga ina kallonsa. Kafin in buɗe baki ya riga ya amsa wa Auta. Ya ce lokacin da yake karatu a Yamai babu yammacin da ba ya shiga kogi.

Abin da ban zata ba shi ne Inna, mahaifiyarmu. Da muka isa bakin tabkin bayan azahar, sai na gan ta zaune a kan tabarma da kwanukan abinci, ta yafa farin mayafinta na zuwa suna. Inna ko rijiya ba ta leƙawa. Matar Auta ta raɗa mini cewa maganganun mutane ne suka ishe ta, ta ce in duk gari za su yi wa ɗanta dariya, to su haɗa da ita.

Zuwanta ya sa abin ya yi nauyi. Tsakanin Inna da Mushe akwai kunyar surukai irin ta da. Tun aurenmu ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. In ya zo gaishe ta, daga bakin zaure yake durƙusawa, ta amsa daga cikin ɗaki. Ni ma da nake ƴar fari ba ta kama sunana, ba ta cika dubana ido da ido ba. Auta ya san haka, sai ya ɗauko babbar tabarmar kaba ya rataye ta a tsakiyar jirgin, daga sanda zuwa sanda, ta raba shi biyu. Maza a baya, ni da Inna da abinci a gaba. Matar Auta tana da tsohon ciki, ta tsaya a baki tana ɗaga mana hannu.

Da farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Auta yana tura jirgin da doguwar gora, ruwa yana ɗan bugun katakon a ƙarƙashinmu. Muka wuce ta saman gonar wani maƙwabcinmu, kan karan dawa yana shafar gindin jirgin. Inna ta damƙe sandar rumfa da hannu biyu, leɓenta yana motsi, amma idonta a buɗe. Can ta nuna wata goriba da haɓa, ta ce wa iska, ba ni ba, a gindin waccan suke hutawa in sun je itace suna ƴanmata. Yanzu ruwa ya kai rabin tsawonta.

Da muka yi nisa da baki, gora ta kusa daina taɓa ƙasa, Auta ya tsaya. Yana da wani tsohon ƙarfen injin niƙa ɗaure da igiya, ya jefa shi cikin ruwa don ya riƙe jirgin. Na ji shi yana ce wa Mushe a nan ruwan ya fi kyau, ba ciyawa ba ƙaya. Na leƙa ta gefen tabarma na tambayi Mushe a hankali, don kada Inna ta ji, ko ya sha maganinsa na rana. Ya cire babbar riga ya ninke, ya ajiye madubin idonsa a kai, ya zame cikin ruwa da wando da ƴar shara.

Na ga fuskarsa lokacin da ruwan ya kai masa ƙirji. Rabona da ganinsa haka tun kafin ciwon. Ya nutsa kai ya ɗago yana dariya ba sauti. Auta ya bi shi, suka ɗan zaga. Amma Mushe ba ya son surukarsa ta gan shi a jiƙe, don haka ya riƙa ja baya, ta inda tabarma ta kare shi daga idonta, yana ƙara nisa. Bayan wani lokaci Auta ya hau jirgi don ya hura gawayin shayi. Ya kira shi ya dawo, Mushe ya ɗaga hannun dama alamar yana zuwa.

Ina cikin buɗe kwanuka na ji sanyi a bayan wuyana. Na duba gabas na ga hadari ya taso, ba babba ba, irin na ƙarshen damina mai iska ba ruwa. Balbelun da ke kan bagaruwa suka tashi gaba ɗaya. Fuskar tabkin da take kwance ta fara yamutsewa, tabarmar tsakiya ta kumbura ta wajenmu kamar an tura ta da kafaɗa.

Ban gane muna tafiya ba sai da na ga goribar nan ta canja wuri. Iska tana jan jirgin, ƙarfen yana jan laka a ƙasa, har muka kai inda igiyar ta gaza, ƙarfen ya koma reto a cikin ruwa bai riƙe komai ba. Na zagaya bayan tabarma. Kan Mushe ya koma ƙarami. Yana iyo yana nufo mu, amma hannu ɗaya ne yake fitowa. Na tsaya ina jiran na hagun ya ɗago. Bai ɗago ba. Ruwa ya rufe masa fuska, ya fito, ya sake rufewa. Kuma bai yi kira ba. Na san ba zai yi ba, ba zai ɗaga murya yana neman ceto a kunnen Inna ba.

Na ce, “Auta, hannunsa.”

Auta ya duba sau ɗaya. Ya fizgo wani bido, wato jarkar roba, wanda muka juye ruwan shansa a buta, ya murɗe murfin da ƙarfi. Ya ce, “Yaya, ki tsayar da jirgin. Ko ta yaya.” Ya faɗa ruwa.

Ban iya iyo ba, ban taɓa riƙe abin tuƙi ba. Na ɗauki gorar na soka ta cikin ruwa, ta tafi duka ba ta sami ƙasa ba, na kusa bin ta. Na jawo ta da ƙyar. Akwai wani faffaɗan katakon tuƙi a gefe, na durƙusa na shiga kwasar ruwa da shi iya ƙarfina. Jirgin ya juya kawai, ya ba iska ɗaya gefen, ya ci gaba da tafiya. Duk lokacin da na ɗaga kai sai in ga kawuna biyu, ɗaya yana nufar ɗaya, kuma dukansu suna ƙara yi mini nisa. Na kama lissafin aikina ba da sona ba: sanyin ruwa, tsoro, jijiyar da ta taɓa toshewa. Na san abin da zai iya faruwa a cikin kansa, kuma na san ko ina kusa ba abin da zan iya yi a tsakiyar ruwa.

Sai na ji muryar Inna daga bayana, ba ta ɗaga ta ba.

“Ke, tabarmar nan ce ke jan mu. Da rumfar.”

Na juya na ga tana miƙo mini wuƙar da aka kawo don yanka albasa. Ta saki sandar da ta riƙe tun daga baki. Murhun gawayi ya fara zamewa a kan katako, ta ɗauke shi da gefen zanenta ta kife shi cikin tabki, ya yi cuu. Na yanke igiyoyin tabarma, iska ta fizge ta daga hannuna ta shimfiɗa ta a kan ruwa. Na hau kan kwandon kwanuka na shiga yankan buhunan rumfa. Auta ya ɗaure su sosai, wuƙar kuma ba kaifi. Jirgin yana tangaɗi, sai na ji an riƙe mini ƙugu da hannu biyu. Inna ce. Ban tuna ranar ƙarshe da ta taɓa jikina ba, amma lokacin ba na tunanin wannan ba ne. Rumfar ta tashi ta tafi.

Gudun ya ragu amma bai tsaya ba. A gabanmu, ɗan gefe kaɗan, akwai wata bagaruwa da ruwa ya bar kanta kawai. Bayanta kuwa fili ne na ruwa har can ƙetare. Na koma kan katakon tuƙi, na yi ta kwasa ta gefe ɗaya, ban san ko ni ce na karkata jirgin ba ko iska ce ta ga dama. Muka zo za mu wuce ta dab da ita. Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu na cafki reshe.

Wanda ya san bagaruwa ya san ƙayarta, fara, doguwa, bibbiyu. Na ji ta shige tafin hannuna har wani wuri da ban san akwai shi ba. Jirgin ya ja, reshen ya zame cikin hannuna yana yanka, na ƙara da ɗaya hannun. Nauyin jirgin duka ya dawo kafaɗuna. Na ce wa Inna ba zan daɗe ba. Ta cire mayafinta, ta rarrafo kusa da ni, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta zura hannu cikin ƙayar ta zagaya shi a wani reshe mai kauri, ta ɗaure bakin biyu a sandar rumfa da irin ƙullin da take ɗaure akuya. Ta ce in saki. Na kasa buɗe yatsuna, sai da ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Muka zauna muna kallo. Yanzu ba tabarma, ba abin da ya kare komai. Can nesa na ga rawayar bidon, na ga kai ɗaya kusa da shi. Ɗaya kawai. Na ƙura ido har hawaye ya cika shi, ruwa yana ɗaga bidon yana saukewa. Inna tana salati ƙasa-ƙasa. Sai bidon ya ɗan juya, na ga kai na biyu a bayansa, kwance a kan robar. Iskar da ta kore mu ita ce take turo su wajenmu, Auta yana tura bidon da ƙirji yana bugun ruwa da ƙafa. Sun daɗe kafin su iso. Ban san ko nawa ba, na dai san jinin hannuna ya fara bushewa.

Hawo da shi ya fi komai wuya. Auta ya tura daga ƙasa, ni na sa damtse a hammatarsa don tafin hannuna ba ya kama komai. Ya kwanta a kan katako yana amai da ruwa, jikinsa yana karkarwa, leɓensa ya yi fari. Na juyar da shi gefe, na duba fuskarsa ko ta karkace. Na ce ya buɗe baki, ya fito da harshe, ya faɗi sunan garin da muke. Ya faɗa, kalmar ta fito daidai. Na ba shi yatsuna biyu na ce ya matse da hagu. Ya matse, ba ƙarfi sosai, amma kamar yadda yake da safe. Sai lokacin ya lura da jinin. Ya dubi hannuna, ya dubi bagaruwar. Daga baya ya ce ƙafa ce ta ɗaure masa, hannun kuma ya gaji.

Da ya gane ba tabarma, kuma ga surukarsa zaune taku biyu da shi ba mayafi, sai ya yunƙura zai ja jiki ya nemi rigarsa. Rigar ta tafi da iska, da madubin duka. Inna ta juya masa baya. Ta jawo zanen da aka rufe kwanuka da shi, ta miƙo ta bayanta ba tare da ta waiwayo ba.

Ta ce, “Malam, rufa. Kwanta abinka, ba kowa nan sai uwarka.”

Wannan ce magana ta farko da na taɓa ji ta yi masa kai tsaye. Ya karɓa da hannu biyu, ya rufa har ka.

Hadarin ya bi ta arewa ya wuce, ɗigo kaɗan ya yayyafa mana. Iska ta kwanta kamar ba ita ba. Auta yana zaune a bakin jirgi, ƙafafunsa cikin ruwa, kansa a sunkuye. Ya fara cewa igiyar ce, ya auna ta tun ruwa bai kai haka ba. Na ce ya yi shiru. Raina a ɓace yake, da shi, da Mushe, da kaina da na hau. Ina so in yi faɗa amma ba ƙarfi. Na ce ya tashi mu tafi. Ya ce in ba shi ɗan lokaci.

Inna ce ta ce to a ci abinci, tun da an dafa. Ta buɗe kwanuka. Dambu ne da zogale, da soyayyen zabo da miyarsa, da furar sabon gero a ƙwarya. Duk sun huce, miyar ta zube rabi a cikin kwando. Ta dama furar ta tura wa Auta ya ba Mushe. Ya tashi zaune cikin zanen ya sha, a hankali, ludayi yana bugun haƙoransa. Ni ban iya ɗaukar komai ba. Inna ta yayyaga naman ta ajiye a murfin kwano a kan gwiwata, na riƙa ɗauka da bakin yatsu. Ban taɓa jin yunwa irin ta ranar ba, kuma ina ci ina jin kunyar cin.

Don kada ta haɗa ido da surukinta, Inna ta zauna tana fuskantar yamma, mu ma duk muka bi ta. Rana ta sauko ƙarƙashin gefen hadarin, ta yi ja, babba, ruwan duka ya koma launin manja tun daga gindin jirgi har ƙetare. Goribobi suka yi baƙi. Balbelu suka dawo layi-layi suna sauka a kan bagaruwar da muke ɗaure, ba su damu da mu ba. Daga nesa muna jin kukan shanu ana koro su gida, da bugun turmi daga wani ƙauye da ba mu gani. Ba wanda ya ce yana da kyau. Inna dai ta daina tauna, ta daɗe tana kallo. Mushe, da ba ya gani sosai ba madubi, ya tambaye ni a hankali ko tsuntsaye ne waɗancan fararen. Na ce su ne.

Da rana ta taɓa ruwa Auta ya miƙe. Mayafin Inna ya ƙi kwancewa, ƙaya ta cinye shi, sai yanke shi aka yi aka bar rabi a reshen. Ya jawo ƙarfen ya ɗora a kan katako, ya tuƙa mu da katakon tuƙi har gora ta sami ƙasa. Tun daga nesa muka hango mutane cike da bakin tabki. Sun ga rumfa ta tashi, sun ga jirgi ya tafi ba kowa a tsaye. Matar Auta ta shigo ruwa har gwiwa da cikinta, wasu mata suna riƙe da ita. Wani ya fara cewa ai dama an faɗa. Inna ta sauka da ƙafarta, rabin mayafi a ka, ta dube shi har ya haɗiye sauran maganar. Ana kiran magariba muka shiga gari.

Washegari na sa Mushe a gaba muka je likita. An auna shi, jinin ya hau amma ba abin da ya ƙaru. Ni ce na zama majinyaciya. Abokiyar aikina ta zauna da hantsaki tana ciro ƙaya daga tafin hannuna tana jerawa a faranti, tana tambayata me ya kai ungozoma rungumar bagaruwa. Aka naɗe hannuwan duka biyu, na daɗe ban karɓi haihuwa ba.

A kwanakin nan ban iya ɗaukar buta ba. Ƴaƴanmu suna lakwal da rana, don haka Mushe ne yake dawowa da azahar ya yi abin da ya samu. Ya koyi ɗaura mini ɗankwali, ko da yake kullum a karkace. Yakan zauna a gabana da kwano yana ba ni tuwo da cokali, da hannun hagu, wai motsa jiki ne da likita ya ce ya riƙa yi. Rabin miyar a zanena take ƙarewa. Ba mu yi maganar tabkin ba sai sau ɗaya, yana goge cokalin, ya ce lokacin da ruwa ya rufe shi na biyu ya buɗe baki zai kira ni, sai ya rasa da wane suna zai kira a gaban Inna. Na ce masa da ya kira ko da na akuya ne. Ya yi dariya har ya ƙware, na kasa buga masa baya, sai da gwiwar hannu.